Ranar da Aka Ce a Rufe Ƙofa

Abubuwa da yawa sun same ni a harkar shinkafa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma abin da ya faru a shekarar da mura ta kwantar da mu, wannan kam ina jin har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, na ba da labarin sau da yawa, kuma har yau akwai wuraren da idan na zo kansu nakan tsaya in tambayi kaina, wai yaya ma aka yi aka kai haka?

Mahaifina yana da sana'ar gyaran shinkafa, kuma wuri biyu muke aiki. A Argungu ake jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, a turara ta, a shanya. Ƙanen Baba ne ke kula da can, muna ce masa Baffa. Idan ta bushe sai motarmu ta kwaso ta zuwa Birnin Kebbi, inda muke da injin casa da shago a unguwar Nasarawa. Ni ce 'yar Baba ta fari, ina zaune da mijina da yara a unguwar Gesse, kuma aikina shi ne zaman shago da kula da masu saye. Abin da ya kamata mai karatu ya sani tun yanzu shi ne, yawancin shinkafar da ke hannunmu ba tamu ba ce. Manoman Ambursa da ƙauyukan fadama ne ke kawo ta mu gyara musu. Wani abincin gidansa ne na shekara, wani da ita zai yi wa 'ya'yansa hidima. Amana ce.

Bayan korona ta lafa, wani kamfani da ke sayen shinkafa a wurinmu ya turo wata ma'aikaciyarsa. Ta zagaya, ta duba injin, ta duba rumbu, sannan ta zauna ta yi wa Baba tambayar da ba mu taɓa ji ba. Ta ce, "Alhaji, idan annobar mura ta zo ta kwantar da rabin ma'aikatanku lokaci guda, yaya za ku ci gaba da aiki?"

Baba ya ce, "Allah shi kiyaye."

Ta ce, "Amin, Alhaji. Amma idan Ya jarrabe ku fa?"

Baba mutum ne da ba ya son a tambaye shi abu ya rasa amsa, don haka da ta tafi ya kira ƙanena, wanda a lokacin ya gama karatun kasuwanci yana jiran tafiya bautar ƙasa, ya ce ya zauna ya tsara mana yadda za mu yi. Yaron ya yi aiki, ba zan rage masa ba. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin Birni da Argungu yana tambayar kowa abin da yake yi, har ma'aikata suka fara zargin ko rage mutane za a yi.

Ranar da zai yi mana bayani, Baba ya tara kowa a rumfar da ke bayan injin. Mutanen Argungu sun zo, har da Inna, dattijuwar da ke shugabantar mata masu turara, da tsohon da ke gadin wurin can. Maƙwabciyarmu ma ta jawo kujera ta zauna ba tare da an gayyace ta ba. 'Yar kudu ce da ta daɗe a Birnin Kebbi tana sayar da buhuna, kowa Madam yake ce mata, kuma Hausarta ta fi ta wasunmu kaifi.

Ƙanena ya ce idan annoba ta zo, mutanen Birni su tsaya a Birni, na Argungu su tsaya a Argungu, kada a cakuɗa, don idan ɓangare ɗaya ya kwanta ɗayan ya tsira. Direba zai riƙa kai kaya yana dawowa, amma ba zai sauka daga mota ba. Wanda ya ji zazzaɓi ya zauna a gida, ba za a taɓa masa albashi ba. Wannan ne kaɗai wurin da aka yi tafi. Ya ce kowane mai aiki ya zaɓi wanda zai koya wa aikinsa. Sannan ya ce alamar cewa tsarin ya fara aiki ita ce idan Baba ya aiko cewa a rufe ƙofa.

Madam ta ɗaga hannu. "To, ɗana, in Alhajin da kansa ne ya kwanta fa? Wa za a tambaya?"

Ƙanena ya ce, "Sai a tambayi babba," ya buɗe baki zai ƙara bayani, sai aka kira sallar la'asar. Kowa ya miƙe yana neman buta. Bayan salla mutanen Argungu suka ce za su kama hanya, taro ya watse ke nan. Kowa ya tafi yana ganin ya gane. Ni ma haka.

Ƙanena ya tafi bautar ƙasa can wani ƙauye a kudu inda sai an hau tudu ake samun waya. Muka ci gaba da harkokinmu, maganar tsari ta zama abin wasa. Idan wani ya yi atishawa sai a ce, to, a rufe ƙofa, a yi dariya.

A ƙarshen damina, daidai lokacin da ake yankan shinkafa, murar ta shigo. Ta fara da yara, sai ga ta a manya. Ba irin murar da muka saba ba ce wadda mutum zai sha shayi da citta ya fita aiki. Wannan idan ta kama ƙato, sai ka same shi a tabarma yana rawar ɗari, gaɓoɓinsa kamar an daddake. Wasu suna cewa korona ce ta dawo, wasu suna cewa daga kaji ta fito, a rediyo kuma ana cewa mura ce mai zafi, a riƙa wanke hannu. Ba wanda ya san wanne zai kama. Ga shi kuma lokacin ne aiki ya fi yawa, buhunan manoma sun cika mana ko'ina.

Wata safiyar Laraba ina shago, sai mahaifiyata ta kira ta ce Baba ya kwana da zazzaɓi, numfashinsa ba daɗi, za su kai shi asibiti. Ta miƙa masa wayar. Muryarsa can ƙasa, da ƙyar nake ji. Ya ce, "A rufe ƙofa. Ki gaya ma Baffanki. Komi ya taso a tambayi babba."

Na ce, "To Baba, Allah ya sawwaƙe."

Na kira Baffa na maimaita masa kalma da kalma. Ya ce ya ji. Na sa aka jawo ƙofar gidan injin, muka riƙa miƙa wa masu saye kaya ta taga, aiki bai tsaya ba. Da rana na tafi asibiti. An sa wa Baba iskar taimakon numfashi, likita ya ce cutar ta sauka a huhu, kada a dame shi da magana. Hankalina duk ya koma can. A raina kuwa, harkar shinkafa tana hannun babba, kuma ban taɓa shakkar cewa Baffa ne ba. Shi ne namiji, shi ne ƙanen mai wuri, da furfurarsa.

Alhamis ta wuce motarmu ba ta kawo komai daga Argungu ba. Ban damu ba, na ce ko shanya ce ba ta bushe ba. Ranar Juma'a da safe mai kula da injin ya zo ya tsaya a bakin taga, hancinsa a toshe, ya ce, "Hajiya, shanshera ta ƙare. Mi kika ce a yi?"

Na ce, "Ni kuma? Ka tambayi Baffa mana."

Ya ce, "Ai ke anka ce a tambaya. Ba ke ce babba ba?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Na kira Baffa. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka, kuma tari ne ya fara gaishe ni.

Na ce, "Baffa, ina kwana? Mota ba ta zo ba."

Ya ce, "Wace mota, ɗiyata? Ba an ce a rufe ba? Na rufe tun Laraba, na sallami kowa."

Na ce, "Kowa? Baffa, ƙofa aka ce a rufe wa baƙi, a ci gaba da aiki a ciki."

Ya ce, "Haka anka ce? To ni ba haka na ji ba. Ni dai ina nan ina jiran babba shi ce a buɗe."

"Ba kai ne babban ba?"

"Ni? A'a. Mai injin nan na wurinku, ba shi ne babban ma'aikaci ba? Tun kafin a haife ki shina tare da Yaya."

Na juya na kalli mai injin, shi ma yana kallona ta taga yana jiran umarnina. Ni ina jiran Baffa, Baffa yana jiran mai injin, mai injin yana jirana. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Sai wani abu ya faɗo mini a rai.

Na ce, "Baffa, akwai shinkafa a ruwa?"

Ya ce, "Innalillahi. Tankunan duk a cike suke. Talata da marece munka jiƙa."

Wanda bai san sana'ar ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Shanshera kwana ɗaya take yi a ruwa a tsame ta a turara. Idan ta wuce haka sai ta fara tsami, daga nan wari, daga nan ko dabba ba za ta ci ba. Kuma abin da ke cikin tankunan nan gumin mutane ne na damina guda.

Na yi ta kiran ƙanena, waya ba ta shiga. Baba ba halin a yi masa magana. Mijina yana gida a kwance shi da yara biyu. Na tsaya a tsakiyar shago ina jujjuya mayafi a hannu, ban san ma na cire shi ba. Tsari ya ce 'yan Birni kada su je Argungu. To idan na je na karya tsari, idan ban je ba wa zai je? Kuma wa ke da ikon cewa a karya? Babba. Wane ne babba? Haka tunanina ya yi ta zagaye wuri ɗaya.

Madam ce ta leƙo ta ga yadda nake. Da na gaya mata, sai ta koma shagonta ta kulle, ta dawo da ledar takunkumin fuska da ta rage mata tun lokacin korona. Ta ce, "Hajiya, sa mayafinki. In mun isa can ma gane wane ne babban."

Muka shiga gaban babbar motarmu. Direbanmu mutum ne mai tsananin bin doka, kuma tun kafin ya tayar da mota ya ce, "Hajiya, zan kai ku, amma ki sani ba ni sauka. Haka anka tsara." Na ce na ji. A cikinmu duka, shi kaɗai ne ya riƙe nasa kason daidai.

A Ambursa muka rage gudu saboda cunkoson 'yan babur, sai wani dattijo manomi da ya san motarmu ya ɗaga mana hannu. Tsohon abokin hulɗar Baba ne. Ya matso ya gaishe mu, ya yi jajen jikin Alhaji, sannan ya ce, "Ɗiyata, shinkafata ta fito? Na gida ya ƙare, ita muke jira."

Na so in ce masa tana hanya. Amma na fasa. Na gaya masa gaskiya, cewa tana cikin ruwa tun Talata kuma ba kowa a wurin. Fuskarsa ta canza, ya cire hula ya mayar. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ku tahi, muna bayanku."

Ban ma gane abin da yake nufi ba a lokacin.

Da muka isa Argungu, tun daga bakin layi na ji tsamin. Ƙofar tana garƙame da ƙaton kwaɗo. Na kira Baffa, ya ce makulli yana wurin mai gadi. Na ce ina mai gadin? Ya ce tun Laraba tsohon ya ce jikinsa ba daɗi, shi kuma ya ce masa ya je gida ya kwanta kamar yadda tsari ya ce. Na ce ina ne gidansa? Baffa ya ce yana jin can bayan kasuwa ne. Mutumin nan ya yi shekaru yana gadin wurinmu, amma a ranar na gane babu ɗayanmu da ya san takamaimai inda yake kwana.

Muka yi ta tambaya, mota tana kutsawa lungu-lungu, har wata mai tuyar ƙosai ta nuna mana wani ɗaki guda a jikin wani kango. Ta ce rabon da ta ga ya fito an kwana biyu, ta ɗauka ya tafi ƙauyensu. Madam ta buga ƙofa, shiru. Ta tura.

Yana kwance a kan tabarma, ya lulluɓa da bargo, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Butar da ke gefensa ba ko ɗigo. Numfashinsa yana fita da wani irin sauti kamar ana jan zare a cikin gwangwani. Na durƙusa na ce, "Malam, sannu. Malam!" Ya buɗe ido, ya daɗe kafin ya gane ni. Abin da ya fara yi shi ne laluba ƙarƙashin matashinsa, ya jawo makullin ya miƙo mini.

Ya ce, "An ce a buɗe?"

Na karɓi makullin na rasa inda zan sa shi. Ni makulli na zo nema, ga shi na samu, amma yanzu ban san ko shinkafa zan gudu in ceta ba ko mutum. Madam ta ɗebo ruwa wurin mai ƙosai tana ɗiga masa a baki. Muka gwada ɗaga shi mu biyu, muka kasa. Na fita na tsaya a gefen mota.

Na ce wa direba, "Tsohon nan zai mutu in ba a kai shi asibiti ba."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba. Ya ce, "Hajiya, an ce kada in sauka. In na kwaso ciwon na kai Birni fa? Ina da jariri a gida."

Gaskiya ya faɗa. Na ce, "Ban sani ba. Wallahi ban san abin da ya dace ba."

Sai ya miƙo hannu ta taga ya ce a ba shi takunkumi. Ya ɗaura biyu, ɗaya kan ɗaya, ya buɗe ƙofa ya diro. Shi ya saɓo tsohon a kafaɗa ya kwantar da shi a kujerar gaba. Madam ta ce ita za ta bi su asibiti, ni in tafi wurin shinkafa. Na hau babur na koma.

Da na buɗe ƙofa na shiga, warin ya buge ni har sai da na ja baya. Ruwan tankunan ya yi kumfa a sama. Ni kuwa duk shekarun da na yi a sana'ar nan, daga gefen buhu da mudu na san ta, ban taɓa turara ko tiya ɗaya ba. Na kira Inna, shugabar mata. Tana kwance. Na ce to wa ta koya wa aikinta, kamar yadda aka tsara? Ta ce ƙanwarta. Ina ƙanwar? Ga ta nan kusa da ita a gado ɗaya, ta fi ta jin jiki. Daga baya na gane kusan kowa haka ya yi, ya zaɓi na kusa da shi, wanda suke ci a kwano ɗaya, don haka ciwon ya kwashe su tare.

Ina tsaye ni kaɗai a tsakiyar fili, sai na ji ƙarar babura a waje. Dattijon Ambursa ne, da 'ya'yansa da wasu manoma, har da mata a goye. Suka tsaya a bakin ƙofa. Wani ma'aikacinmu da ya ji labari ya iso a daidai lokacin, ya tare su ya ce, "Ba a shiga. An ce a rufe ma baƙi ƙofa." Sannan ya juyo gare ni. "Ko a bar su, Hajiya?"

Duk suka zubo mini ido. Na duba bayana don in ga ko akwai wanda suke kallo, babu kowa sai tankuna. Har yau ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce duk mai tari ko zazzaɓi ya koma gida, kada ya ji kunya. Sauran su shigo, kowa ya rufe hanci da baki, a yi aiki a fili, kada a taru wuri ɗaya, kada a sha ruwa a kofi ɗaya. Mutum biyu suka juya suka tafi. Sauran suka tuɓe takalma.

Na sa wayar Inna a lasifika na riƙe ta sama. Tana tari tana ba da umarni. Ta ce a zubar da ruwan, a ɗauraye da sabo har sai kumfar ta tafi. Ta ce in damƙo daga kowane tanki in murza in shinshina in gaya mata. Na ce wannan tsami-tsami. Ta ce za ta yi. Na ce wannan kuma ya yi yauƙi, ƙwayar tana narkewa a hannu. Ta ce, "Wanga ya tahi, ɗiyata. Ku bar shi, ku ceci saura." Matan Ambursa sun saba turara tasu a gida da tukunya, sai dai ba su taɓa aiki da manyan gangunanmu ba, don haka aka yi ta gardama a kan yawan wuta. Inna tana cewa a rage, su suna cewa a ƙara, ni ina tsakiya ina maimaita maganar kowa ba tare da na san wa ke da gaskiya ba. Maza suka tafi masallacin Juma'a suka dawo suka ci gaba da kwasa. Hayaƙin buntu, wato ɓawon shinkafar da muke hura wuta da shi, ya cika mana ido. Kafin rana ta yi sanyi, fili ya cika da shanya tana tururi.

Tanki ɗaya ne ya lalace gaba ɗaya. Da aka duba alamar buhunan da aka juye a cikinsa, akasarinta ta dattijon nan ce da ya tara mana mutane. Ya wuni yana ceton shinkafar wasu, tasa tana ruɓe a gefe. Na je na durƙusa a gabansa na rasa ta inda zan fara. Ya ɗebo kaɗan ya duba a tafin hannunsa, ya zubar, ya goge hannun a riga. Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Ki dai gaishe da Alhaji." Da Baba ya warke ya mayar wa dattijon da wata daga tasa gonar, amma na san ba daidai take da wadda mutum ya shuka da hannunsa ba.

Sai bayan kwanaki ƙanena ya samu waya ta shiga. Na ce masa, "Don Allah, wane ne babba?" Ya yi mamakin tambayar. Ya ce ai ba mutum ɗaya ba ne. Abin da yake nufi shi ne, duk wanda ya fi girma a cikin waɗanda suka rage a tsaye, a kowane wuri, shi zai yanke magana, idan shi ma ya kwanta na bayansa ya karɓa. Ya ce, "Yaya, ban faɗa muku haka ba?" Na ce ka so ka faɗa. Tsarinsa mai kyau ne, kuma raba mu da ya yi ya taimaka, don ban da ranar da shanshera ta ƙare, injin Birni bai tsaya ba ko sau ɗaya. Direba ma ya keɓe kansa a wani ɗaki har ya tabbatar lafiyarsa ƙalau, jaririnsa bai kamu ba.

Baba ya fito daga asibiti a rame, amma da ransa. Baffa da Inna sun miƙe. Mai gadi ne bai tashi ba. Ya yi 'yan kwanaki a asibiti, har ya fara shan kunu, muka yi murna, sai jikin ya juya. Madam ce a kansa lokacin da ya cika. Da muka tashi kai gawarsa da ta'aziyya, sai da muka yi ta cigiya kafin mu gano ƙauyensu, can gefen fadama. Muka tarar da 'yar'uwarsa guda, tsohuwa, ita ma ba ta san ya yi ciwo ba.

A hanyar dawowa da muka kusa gari, sai Baba ya yi magana. Ya ce, "Mun ce marar lafiya shi zauna gida. Ba mu ce wa zai je shi duba shi ba."

Wannan maganar ita ce darasin da na ɗauka. Mun zauna mun yi tunanin injin, da mota, da wanda zai riƙe aikin wani, amma ba mu yi tunanin mutumin da zai koma ɗaki shi kaɗai ya ja ƙofa ba. Mun kuma ɗauka cewa idan an faɗi magana sau ɗaya mutane suka gyaɗa kai, to an gane. Yanzu kowace shekara kafin kaka muna ware yini guda mu gwada, a ce wane da wane sun kwanta, mu ga abin da sauran za su yi, kuma kullum sai mun gano wani abin da kowa ya fahimta daban. Amma kafin a taɓa maganar shinkafa, abin da muke fara yi shi ne mu zagaya gidan kowane ma'aikaci da ƙafarmu, daga mai injin har mai shara, mu ga inda yake kwana, mu san wanda zai buga masa ƙofa idan gari ya waye ba a gan shi ba.